Lantarki a kan fata da ciwon jijiyar da maganin kansa yake bari

Akwai wani irin ciwo da yakan zauna da mutum bayan an gama yi masa maganin cutar kansa, a lokacin da 'yan uwa suka riga suka yi masa barka da arziki, likita kuma ya duba hoto ya ce ƙarin ya tafi. Tafin ƙafa yana ƙuna kamar an taka garwashi, yatsun hannu suna sagewa har ɓalla maɓallin riga ya zama aiki, da dare kuwa mayafi kaɗai ya taɓa fata sai mutum ya zabura. Wannan shi ne lalacewar jijiya da magungunan kemo, wato magungunan da ake ba mara lafiya domin kashe ƙwayoyin cutar kansa, suke haddasawa. Jijiyar da ake nufi a nan ba ta jini ba ce, siraran zaruruwan nan ne masu kai saƙo daga fata zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa, waɗanda da su ne mutum yake sanin ya taka ƙasa ko ya taɓa ruwan zafi. A 'yan shekarun nan an ƙara mayar da hankali kan ƙananan na'urori masu tura lantarki ta fata domin kwantar da wannan ciwo, har wasu masu sayar da su suna maganarsu kamar an sami waraka. Lamarin bai kai haka ba, amma kuma bai zama wofi ba, kuma fahimtar inda amfaninsa ya tsaya tana buƙatar a fara sanin irin ɓarnar da kemo yake yi.

Ba kowane maganin kemo ba ne yake taɓa jijiya. Waɗanda suka yi suna wajen haka su ne dangin filatinam, wato sisplatin da oksaliplatin, sai dangin paklitaksel da dosetaksel da ake yawan ba masu kansar mama, sai binkristin da ake amfani da shi a kansar jini, da kuma bortezomib da talidomid da ake ba masu kansar ɓargo. Kowane dangi da hanyar da yake bi. Magungunan filatinam suna taruwa ne a wasu ƙulle-ƙullen ƙwayoyin jijiya da ke jere a gefen laka, wurin da ba shi da katangar kariya irin wadda ta tsare ƙwaƙwalwa daga abin da ke yawo cikin jini, sai su illata ƙwayar daga tushenta. Paklitaksel da binkristin kuwa suna dagula ƙananan bututun da ke cikin zaren jijiyar, waɗanda a kansu ake jigilar abinci da kayan gyara daga tushen ƙwayar zuwa ƙarshenta. Zaren da ya taso daga ƙugu ya kai babban yatsan ƙafa yana iya kaiwa tsawon mita ɗaya, don haka idan jigila ta tsaya, wurin da ya fi nisa shi ne yake fara jin yunwa. Dalilin ke nan da ciwon yake farawa daga yatsun ƙafa da na hannu, ɓangarorin biyu a tare, yana hawowa sannu a hankali kamar mutum ya sa safa.

Yawan masu fama da shi ba kaɗan ba ne. Wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya tattara bincike 31 a kan marasa lafiya sama da 4,000, ya nuna cewa kimanin kashi 68 cikin ɗari suna da alamun ciwon a watan farko bayan kammala kemo, kashi 60 bayan wata uku, sannan kashi 30 suna ɗauke da shi har bayan wata shida ko fiye. Waɗannan alƙaluma suna faɗin abu biyu a lokaci ɗaya: ciwon yana barin mutane da yawa da kansa idan lokaci ya ja, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya barinsa. Akwai ma wani hali na magungunan filatinam mai rikita lissafi, domin ciwon yakan ci gaba da tsananta na wata biyu ko uku bayan an daina ba da maganin, kafin ya tsaya ko ya fara sauka. Za a ga muhimmancin wannan idan aka zo batun auna amfanin na'ura.

Abin da ya tura mutane neman taimakon lantarki shi ne ƙarancin abin da ke hannun likita. Ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka, ASCO, a jagorar da ta sabunta a 2020, ba ta amince da ko magani ɗaya ba a matsayin rigakafin wannan ciwo, kuma a wajen rage zafinsa magani ɗaya tak ta ba da shawarar a yi amfani da shi, wato duloksetin. Shi ɗin ma amfaninsa matsakaici ne. A gwajin 2013 da aka dogara da shi, mai marasa lafiya 231, kashi 59 cikin ɗari na waɗanda suka sha maganin sun ce zafin ya ragu, amma kashi 38 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta su ma sun faɗi haka, kuma a ma'aunin zafi mai hawa daga 0 zuwa 10 tazarar da ke tsakanin rukunonin biyu ba ta kai maki ɗaya ba. Ga shi kuma yana zuwa da tashin zuciya da kasala ga jikin da kemo ya riga ya gajiyar. Mutumin da ya sha ƙwayoyi na watanni, idan aka ce masa ga hanyar da ba sai ya haɗiyi komai ba, dole ya saurara.

Yin magani da lantarki tsohon abu ne. Harshen Hausa ma ya riga ya haɗa abubuwan biyu a kalma ɗaya, domin minjirya sunan kifin nan ne mai jan mutum da lantarki, kuma ita ce kalmar da ake faɗi idan ƙafa ta sage tana tsira-tsira. A ƙarni na farko na miladiyya wani likitan Rum mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa a ɗora wa mai ciwon kai ko ciwon gaɓa wani kifin teku mai lantarki har wurin ya sage. Amma bayanin kimiyya bai zo ba sai 1965, lokacin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka gabatar da ra'ayin da ake kira ka'idar ƙofa. Sun ce saƙon zafi ba ya wucewa kai tsaye daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, akwai wata mashiga a cikin laka inda ake tace shi. Zaruruwan jijiya iri-iri ne: akwai masu kauri da sauri, masu ɗaukar saƙon taɓawa da girgiza, akwai kuma sirara masu jinkiri, masu ɗaukar saƙon zafi da ƙuna. Idan masu kaurin suka yi aiki sosai, sai su ja ƙofar su rage abin da sirarun suke iya shigarwa. Kowa ya taɓa amfani da wannan ka'ida ba tare da ya san sunanta ba, domin ita ce take sa wanda ya buge gwiwa ya kai hannu yana murza wurin. A 1967 likitan tiyata Norman Shealy ya dasa wa wani mai kansa wayar lantarki a kan laka domin rage masa zafi, kuma na'urorin da ake ɗorawa a fata sun fara yaɗuwa ne a matsayin gwaji kafin a yi wa mutum irin wannan dashe, sai aka lura cewa wasu marasa lafiyar gwajin kaɗai ya wadatar da su.

Na'urar da aka fi sani a yau ita ce TENS, sunan da yake nufin motsa jijiya da lantarki ta fata. Ƙaramar aba ce mai batir, ana jona ta da filastoci biyu ko huɗu masu ɗanko da ake mannawa a jiki, sai ta riƙa aika bugun lantarki gajeru. Akwai saitin sauri, mai bugu kamar 80 zuwa 100 a daƙiƙa ɗaya, wanda mutum yake ji kamar girgiza mai laushi, shi ne kuma ya fi dogara da ka'idar ƙofa. Akwai saitin jinkiri, mai bugu ƙasa da 10 a daƙiƙa, wanda ake ƙara wa ƙarfi har tsoka ta riƙa motsi. Binciken da Kathleen Sluka da abokan aikinta suka daɗe suna yi a Jami'ar Iowa ya nuna cewa saitin biyu suna zaburar da sinadaran kashe zafi da jiki yake yi da kansa, kowanne ta irin mashigarsa, kuma a gwajin dabbobi saitin jinkiri ya rasa ƙarfinsa a jikin da ya saba da mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi. Wannan ba ƙaramin batu ba ne ga masu kansa, waɗanda da yawansu suna shan magungunan zafi na wannan dangi. Binciken ya kuma tabbatar da abu biyu da masu amfani da na'urar suke yawan kuskurewa: ƙarfin dole ya kai yadda mutum zai ji shi sosai ba tare da ya cutu ba, kuma jiki yana sabawa idan kullum saiti ɗaya ake maimaitawa.

A nan ne matsalar ta musamman take, kuma a ganina ita ce ya kamata a fi tsayawa a kanta. Ka'idar ƙofa tana aiki ne idan zaruruwa masu kauri suna da rai, domin su ne mai gadin da ake tasa ya rufe ƙofa. To, waɗannan zaruruwan su ne magungunan filatinam da paklitaksel suka fi illatawa, shi ya sa ɗaya daga alamun farko da likita yake samu shi ne mutum ya daina jin girgiza a babban yatsa. Wato kayan aikin da na'urar take buƙata su ne cutar ta fara cinyewa. Idan aka manna filasta a tafin ƙafar da ta riga ta sage, lantarkin yana shiga amma babu mai isar da saƙonsa, kuma mutum zai yi ta ƙara ƙarfi yana neman ya ji wani abu har fata ta yi ja. Don haka ne ƙwararru suke ɗora filastocin a sama da inda sagewar ta tsaya, a kan sha-raɓa ko kusa da gwiwa ko a damtse, inda fata take ji daidai, a kan hanyar jijiyar da take gangarawa wurin ciwon.

Daga wannan sai wani bambanci ya fito wanda tallace-tallace suke shafewa. Abin da ake kira ciwon jijiya na kemo a haƙiƙa damuwa biyu ce a cikin riga ɗaya. Akwai abin da ya ƙaru, wato ƙuna, suka, zugi da murɗewar tsoka, waɗanda suke fitowa daga jijiyar da ta ji rauni tana aika saƙon ƙarya. Akwai kuma abin da ya ɓace, wato ji, wanda rashinsa yake sa mutum tuntuɓe, ko takalmi ya fice masa bai sani ba, ko allura ta faɗi daga hannunsa. Lantarkin fata yana iya danne hayaniyar kashi na farko, amma danne hayaniya daban, dawo da zaren da ya mutu daban. Mutane da yawa kuma sagewar ce ta fi damunsu, zafin kaɗan ne ko babu. Irin wannan mara lafiya idan aka sayar masa da na'ura da alkawarin ƙafarsa za ta dawo, an yaudare shi.

Gwaje-gwajen da aka yi sun bi wannan layi sosai. A 2017 masu nazarin Cochrane, ƙungiyar da take tattara binciken lafiya tana auna ingancinsa, sun duba bincike 15 masu mutane 724 a kan TENS da ciwon jijiya kowane iri, suka ce hujjar ta yi rauni ƙwarai, domin gwaje-gwajen ƙanana ne kuma tsarinsu yana da ramuka. A 2022 Mark Johnson da abokan aikinsa a Ingila suka tattara gwaje-gwaje 381 a kan zafi iri-iri, suka sami hujja matsakaiciya cewa zafi yana raguwa lokacin da na'urar take aiki ko jim kaɗan bayan an kashe ta. A lura da wannan iyaka ta lokaci: sauƙin yana tare da na'urar ne, ba a ce yana zama har abada ba. Gwajin da ya fi dacewa da batunmu shi ne wanda Jennifer Gewandter ta Jami'ar Rochester ta jagoranta, aka buga a 2024, inda aka raba mutane 142 masu daɗaɗɗen ciwon jijiya na kemo gida biyu, wasu suka ɗaura na'ura ta gaske a ƙasan gwiwa a gidajensu, wasu ta bogi, na tsawon mako shida. A babban ma'aunin da ya haɗa dukkan alamun ciwon wuri ɗaya, tazarar ba ta kai yadda za a ce ba sa'a ba ce. Amma da aka ware waɗanda suka shigo gwajin da ƙuna, suka ko murɗewar tsoka, sai aka ga alamar amfani a waɗannan, alhali sagewa da minjirya ba su nuna irin wannan bambanci ba. Sakamakon da aka tono bayan babban ma'auni ya gaza ba ya zama hujja tabbatacciya, manuniya ce kawai ga gwaji na gaba, sai dai manuniyar ta dace da abin da ilimin jijiyar ya riga ya nuna.

Wahalar gwada irin wannan na'ura ta fi ta gwada ƙwaya. Ƙwayar bogi da ta gaske kamarsu ɗaya a baki, amma lantarki ana jin sa, don haka wanda aka ba na'urar da ba ta aiki yakan gane, wanda kuma ya ji girgiza yakan sa rai, sa rai kuwa da kansa yana rage zafi, kamar yadda kashi 38 ɗin gwajin duloksetin suka nuna. Ƙari a kan haka, ciwon yana da tafiyarsa. Wanda ya fara amfani da na'ura a wata na huɗu bayan kemo, lokacin da jijiyarsa ta fara farfaɗowa da kanta, zai yaba wa na'urar a kan aikin da lokaci ya yi, wanda kuwa ya fara a makonnin da oksaliplatin yake ci gaba da ɓarna zai zarge ta da ƙara masa ciwo. Shaidar mutum ɗaya, komai gaskiyarsa, ba ta iya warware wannan.

Akwai wata hanya ta dabam da wani ɗan Italiya, Giuseppe Marineo, ya ƙirƙira, wadda ake yi da na'urar Calmare, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta ba ta izinin shiga kasuwa a 2009. Manufarta ba rufe ƙofa ba ce. Mai ƙirƙirarta ya ce tana aika saƙonni masu sauyawa koyaushe ta siraran zaruruwan zafin kansu, saƙonnin da ƙwaƙwalwa za ta karanta a matsayin "babu ciwo", har ta sake koyon yadda take fassara abin da yake zuwa daga wurin. Ana yin ta a asibiti, yawanci zama goma a jere na kimanin minti 30 zuwa 45, kuma ma'aikaci ne yake neman wurin manna filastocin a kowane zama. Gwajin farko da Thomas Smith ya buga a 2010, a kan marasa lafiya 16, ya nuna raguwar zafi da kusan kashi 59 cikin ɗari, abin da ya tayar da ƙura, amma babu rukunin kwatance a cikinsa. A 2020 asibitin Mayo na Amurka ya kwatanta ta da TENS a kan mutane 50, kuma waɗanda suka sami sauƙin rabi ko fiye sun kusa ninki biyu a ɓangarenta. A wannan shekarar kuma gwajin Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka mai mutane 35, wanda ya kwatanta ta da zaman bogi, bai sami bambanci ba. Masu goyon bayanta suna cewa sakamakon ya dogara da gwanintar mai manna filasta, kuma yana yiwuwa haka ne, amma maganin da nasararsa take rataye a hannun mutum ɗaya yana da wuyar yaɗawa. Jagorar ASCO ta 2020 ta sa ta cikin hanyoyin da ke da alamar amfani amma hujjarsu ba ta isa a ba da shawara a kansu ba, tare da motsa jiki da maganin allura irin na Sin.

Dashen waya kusa da laka, jikan aikin Shealy, yana nan ga waɗanda komai ya gagara. An tabbatar da amfaninsa a ciwon jijiya na masu ciwon sukari ta babban gwaji a 2021, amma a na kemo abin da ake da shi rahotannin mutane 'yan kaɗan ne, kuma tiyata ce mai haɗarin kamuwa da ƙwayoyin cuta da zubar jini, abubuwan da suka fi tsanani ga wanda kemo ya raunana garkuwar jikinsa.

Babbar hujjar gwada TENS ita ce ƙarancin illarta, wadda yawanci ba ta wuce ja ko ƙaiƙayin fata a ƙarƙashin filasta. Duk da haka akwai waɗanda ba nasu ba ce sai da izinin likita: mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, mai farfaɗiya, da mai juna biyu musamman a ciki da ƙugu. Ba a manna ta a gaban wuya, ko ido, ko kan rauni, ko fatar da aka gasa da hasken maganin cutar kansa ba ta warke ba, ko saman ƙarin kansa, ko ƙafar da ake zargin jini ya daskare a cikinta, wanda abu ne da yake yawan samun masu kansa. Ba a kunna ta ana tuƙi ko wanka. Kafin a ɗora laifin duka a kan kemo, ya dace likita ya duba sukari, ƙarancin bitamin B12, aikin tayirod, wato ƙullin nan da ke maƙoshi mai kumbura ya zama maƙoƙo, da shan barasa, domin kowannensu yana lalata jijiya kuma kowanne yana da nasa maganin.

Gwaji mai ma'ana ga mutum ɗaya yana da tsari. A zaɓi alamar da ake son ragewa, misali ƙunar da take hana barci, a rubuta ƙarfinta daga 0 zuwa 10 na mako guda kafin a fara, sannan a yi amfani da na'urar kullum, minti 30 ko fiye a kowane zama, a lokacin da ciwon ya fi tashi, da ƙarfin da ake ji sosai, ma'aikacin sashen gashi ko na jinya kuma ya nuna wurin manna filasta tun ranar farko. Bayan mako huɗu zuwa shida rubutun zai nuna ko akwai riba, idan babu sai a ajiye. Ga wanda har yanzu yake karɓar kemo kuwa akwai gargaɗi na musamman. Hanyar da likita yake da ita ta hana ɓarnar zama ta dindindin ita ce rage yawan maganin, ko jinkirta zagaye, ko sauya shi da wani, kuma yana yanke wannan shawara ne bisa abin da mara lafiya ya gaya masa. Wasu suna ɓoye alamun don tsoron kada a rage musu maganin kansa, kuma na'urar da ta kwantar da ƙunar tana iya sauƙaƙa musu wannan ɓoyo alhali jijiyar tana ci gaba da lalacewa a ƙasa. Duk wanda yake amfani da ita a tsakiyar kemo ya kamata ya gaya wa likitansa a kowane zuwa inda sagewar ta kai a ƙafa da hannu, ko ya fara tuntuɓe, da ko ɓalla maɓalli da riƙe alƙalami sun fara yi masa wuya, ko da zafin ya lafa.